Balaraba Mai Ƙuli da Sunan Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuli-ƙuli a kasuwar Bodinga ko ta Shagari ya san Balaraba, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar gajeriyar matar nan da ke zama kusa da masu yaji, faranti cike da ƙuli a gabanta, kwalaben man gyaɗa jere a gefe. Ba ta kiran ciniki. Idan ka ɗanɗana ƙulinta ka ce ya yi tauri, sai ta nuna maka inda masu koko suke, ta ce can ake sayar da abin da ya dace da haƙoranka.

'Yar Dandin Mahe ce. Aure ya kawo ta Bodinga, gidan Malam Haruna tela, mutum mai haƙuri da ya yi ta taka keken ɗinki har ranar da Allah ya karɓi ransa. Ta yi haihuwa da dama, amma biyu kawai suka tsaya: ɗan farinta Abdulƙadir, da autarta Mansura. Da ƙulin nan ta riƙe gida bayan rasuwar maigidan. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta kai inji, ta dawo ta zuba tunkuza a turmi tana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Haka rayuwarta ta tafi, kuma ban taɓa jin wanda ya ji ta yi ƙorafi ba.

Abu ɗaya ne aka san ta da shi fiye da ƙuli, wato kunyar ɗan fari. A gidan da ta tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Mata da yawa suna yin wannan kunya su sassauta idan yaro ya girma. Balaraba kuwa ta riƙe ta kamar farilla. Da aka yaye yaron, yayar mijinta, Goggo Habiba, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo ta goya shi zuwa Mandera. Balaraba na tsaye tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai da suka yi nisa ta shige ɗaki ta toshe bakinta da zane ta yi kukanta. Daga ranar sunansa a bakinta ya zama Na Goggo. Har wani mai shago da ke sayen mai a wurinta, don kawai sunansa Abdulƙadir, shekara da shekaru ba ta kira shi komai ba sai "mai sunan wancan".

Kuma tana son yaron nan, so mai ciwo. Duk ƙulin da ya fi soyuwa nasa ne. Sai ta ƙulle a leda ta ba direbobin hanyar Shagari, ta ce a kai wa Habiba. Habiba da ba ta da haƙoran ƙuli! Kowa ya san wa ake nufi, ban da wanda ake yi dominsa. Shi abin da ya sani shi ne, idan ya zo hutu ya durƙusa ya gaishe ta, bango take kallo ta amsa.

Yaro ya tashi da murya. Ya fara da waƙar biki shi da abokansa biyu, suna yawo da lasifika daga Mandera zuwa Shagari, daga baya suka koma Kano inda ake buga waƙa da na'ura. Can tafiya ta raba su, ya ci gaba shi kaɗai da sunan Ɗan Mandera. Waƙarsa ta shiga wayar kowa. Balaraba na zaune a kasuwa za ta ji muryar ɗanta na fitowa daga shagon masu cajin waya, daga aljihun ɗan acaɓa, daga tebur ɗin mai shayi. Mata su taɓa ta su ce ga naki nan fa. Sai ta ce ita hayaniyar kasuwa ba ta barin ta jin komai. Ƙarya take yi. Babu baitin da ba ta haddace ba.

Sai ga labari cewa zai fita zagayen duniya, karo na farko shi kaɗai: Yamai, Akara, Alƙahira, Dubai, Landan, har Amurka. Kafin ya tashi ya zo Bodinga sallama. Motoci suka cika lungu, matan unguwa suka cika tsakar gida har da masu leƙe ta katanga. Balaraba na bakin murhu tana tsame ƙuli, ba ta fasa ba. Ya zo ya durƙusa a gabanta da farar shaddarsa, cikin toka.

"Inna, tahiya ta kama ni mai nisa," in ji shi. "Abu guda nika roƙo wurinki."

"Mi kaka so?" ta tambayi kaskon.

Ya fito da waya ya ajiye kusa da ƙafarta. "Ki hwaɗi sunana, ki yi mini addu'a, in ɗauka. Duk garin da nis sauka, da muryarki za a buɗe taro. Sau guda dai, Inna. Ban taɓa jin shi bakinki ba."

Wallahi sunan ya taso mata har maƙogwaro. Amma ga matan unguwa sun zuba ido, ga tsofaffin da suka san uwarta da kakarta, ga wasu samari da kyamara. Ta ji kamar an ce ta kwance zane a tsakiyar kasuwa. Ta juya fuska wajen bango.

"Wanga wane irin rashin ta-ido na? Allah shi kiyaye hanya, shi maido kowa lahiya. Tashi, kana ɓata riga."

Mata suka yi dariya, wata tsohuwa ta ce Balaraba ikon Allah, irinku sun ƙare. Shi ma ya yi dariyar, irin wadda ba ta wuce leɓe. Ya ɗauki wayarsa ya miƙe. Daga nan Mandera ya wuce, kuma Goggo Habiba ba ta da wata kunyar da za ta hana ta. Ta kira sunan ta sake kira, ta sa albarka har ta gaji, shi kuma yana ɗauka a waya.

Bayan 'yan makonni hotunan bidiyon taron suka fara shigowa wayar Mansura. Wani makeken ɗaki, fitilu kala-kala, mutane ba iyaka. Sai a kashe kiɗa, muryar tsohuwa ta cika wurin: Abdulƙadir, Allah shi yi maka albarka. Shi kuma ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Wagga muryar uwata ta." Jama'a su ɗauki ihu. Haka aka yi a Yamai, haka a Akara, haka a duk inda ya sauka.

Balaraba ta ce ai daidai ne, wadda ta yi wahalar goyo ita ta cancanta. Da gaske take, ba ta ji haushin Habiba ba ko kaɗan. Haushin kanta ta ji. Abin da ya tsaya mata a rai fuskarsa ce lokacin da ya ɗauki wayar daga cikin toka. A ranar ta gane abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba: yaron nan bai san kunya ce ba. Ko kuma ya sani da ka, zuciyarsa ba ta taɓa yarda ba. Ita tana can tana taƙama da tarbiyya, shi yana nan yana zaton ba a son sa.

Mansura ta lura uwarta ta rage cin abinci. Ta ce, "Inna, in abin ya dame ki, ga waya. Ki hwaɗa in tura mashi, yanzunga shina ji."

"Wa yac ce miki wani abu ya dame ni?" Balaraba ta harare ta. "Ɗauke mini abinga."

Ta riga ta yanke shawararta, kuma ba ta gaya wa kowa ba. Sunan da ta riƙe shekara talatin da wani abu ba za ta zuba shi cikin waya kamar saƙon cefane ba. Ranar da ya dawo za ta kore kowa daga ɗaki, ta dube shi ido cikin ido, ta kira shi. Sai dai baki bai saba ba, dole a koya masa. Ta zaɓi lokacin juya tunkuza, sa'ad da Mansura ta tafi islamiyya, ƙarar taɓarya kuma na rufe komai. Ranar farko rabin sunan kawai ta iya, ta waiga kamar ɓarauniya. Sannu a hankali ya fara fita duka. Tsohuwa da furfurarta tana sunkuye kan turmi tana raɗa sunan ɗanta tana murmushi. Ta ɓoye abin sosai, ko kazar gidan ba ta ji ba.

Tun bara malamar asibiti ta gaya mata jininta ya hau, ta rage zama bakin wuta, ta riƙa shan magani. Balaraba ta sha na kwana kaɗan, ta ji garau, ta ajiye sauran a kan taga. Wata ranar kasuwa a Shagari, rana na tsaka, ta miƙa hannu za ta ba wata mata kwalbar mai, kwalbar ta suɓuce. Ta bi ta ta faɗi. Da ta farfaɗo a asibiti, ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshe kuma ya tafi. Bayan jinya kalmomi 'yan kaɗan suka dawo: "Allah", "to", "ruwa". Iyakarsu ke nan.

Shi yana Landan a lokacin. Da ya kira, Mansura ta ce masa jiki ne dai, amma da sauƙi, har tana ɗan magana. Haka muke yi, ko mutum na kwance rai a hannun Allah sai mu ce da sauƙi. Ya ƙarasa zagayensa, aka yi ta yaba shi a rediyo, sannan ya taho gida.

Wannan karon shi kaɗai ya shigo, babu kyamara. Ya same ta kwance kan katifa, ta rame. Mansura ta fita ta ja labule ba tare da an ce mata ba. Ga ɗaki babu kowa, ga shi ga ta, daidai yadda ta tsara. Ta miƙa hannun hagu ta kama wuyan hannunsa. Rabon da ta taɓa shi tun yana goye. Ya dube ta da mamaki. Ta buɗe baki. Sunan na nan a kanta sarai, kowane harafi, amma harshe ya kwanta kamar ba nata ba. Ta yunƙura, leɓe ya karkace, iska kawai ta fito. Ta sake yunƙurawa har gumi ya tsatso mata. Abin da ya fito shi ne, "To."

Baƙin ciki ya rufe ta, ta juya fuska wajen bango don kada ya ga hawayenta.

Wannan juyin kuwa ya san shi tun yana yaro. Ya yi ɗan murmushi, ya gyara mata mayafi a hankali.

"Bar shi, Inna, kada ki wahal da kanki," in ji shi. "Na san ba ki iyawa. Ai na saba."

Ya kwana biyu ya koma Kano, aiki na jiransa. Ya bar mata keken marasa lafiya da mai kula da ita, yana kuma kira kowace Juma'a, Mansura ta kara mata wayar a kunne ya gaishe ta, ta ce "to". Turmin na can bayan ɗaki, an kife shi. Da hantsi Mansura kan fito da ita inuwar darbejiya ta sha iska, kuma ta sha ganin leɓen uwarta na motsi ita kaɗai, abu ɗaya take maimaitawa. Ta gaya wa maƙwabta cewa Inna, tun da ta kwanta, ba ta rabuwa da tasbihi.