Sunana Ne a Ƙarƙashin Naki, Nna Teni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Allah ya yi wa Nna Teni rasuwa ranar Talatar da ta wuce, tara ga watan Mauludi, tsakanin Azahar da La'asar. A cikin kwalekwale ta cika, a tsakiyar ruwa, kanta a kan cinyata. Yau kwana bakwai.

Ni ce Wodu, matar Tsado masunci, ta nan Kpatagi. Ban yi boko ba. Malama Dufiya ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, ita za ta karanta wa mata bayan addu'a, don ni in na miƙe a gaban jama'a muryata ba za ta fito ba. Na roƙe ta kada ta gyara mini baki.

Nna, da ke nake. Tsoro nake ji. Da kina nan da na shigo na zauna gefen tukunyar gumin shinkafarki na faɗa miki, ki harare ni ki ce, "Tashi ki juya mini shinkafa, tsoro ba ya son mai aiki." Yanzu tukunyar a kife take.

Damina huɗu ke nan da ruwa ya cinye gadarmu. Onarabul ɗinmu na majalisar jiha ya zo lokacin neman ƙuri'a, ya rantse, ya kafa allon ƙarfe mai hotonsa a bakin ruwa, aka yi tafi, ya tafi. Har yau allon na nan, awaki ke shan inuwarsa.

Cikina na fari, naƙuda ta zo da gardama. Ke da kika karɓi haihuwar rabin garin nan, kika duba ni kika ce wannan ba aikinki ba ne, sai asibiti. Da akwai gada, kafin shinkafa ta dahu an kai. Ba gada, sai a zagaya ta kogi. 'Yar ta zo a cikin jirgi, ba ta yi kuka ba. Kika cire ɗankwalinki kika naɗe ta, kika shigo gari kai a buɗe, ke da ba wanda ya taɓa ganin furfurarki. Da na samu cikin ɗana Jiya kuwa, saura wata guda kika ɗauke ni kika tsallakar da ni gidan ƙanwarki, kika ce wa surukata, "In kina son jika ki yi daka da kanki." Ga Jiya nan yana rarrafe, Nna. Jiya-jiyan nan ya kama ƙofar ɗakinki ya miƙe, yana leƙe.

A rediyo kika ji maganar kiranye. Wai wanda jama'a suka zaɓa, in ya ƙi aiki, suna iya dawo da shi gida, muddin masu katin zaɓe sama da rabi sun sa hannu. Kika kai maganar gindin mangwaro inda maza ke ɗinkin komar kamun kifi, suka yi ta dariya.

"Nna, Onarabul fa ba jariri ba ne da za ki jawo shi ta ƙafa."

"Ai na jawo waɗanda suka fi shi girman kai," in ji ki. "Kai da ke magana, da ɗuwawu ka zo duniya, ni na juyo ka. Ɗan aike muka aika, ya samu wuri ya zauna. Haramun ne a kira shi?"

Da ɗanki Saba ya kawo takardun daga gari, kowa ya ce ya yarda, amma ba mai son sunansa ya zama na farko. Maza suka yi ta kallon ƙasa. Kika ture su kika dangwala. Sannan kika juyo kika ce, "Wodu, zo. Ke kin san abin da ruwan nan ya ci." Na zo, kika riƙe mini hannu na dangwala a ƙarƙashin naki. Daga nan mata suka yi layi, kunya ta kama maza suka biyo baya.

Wata biyar kina yawo, Saba na tuƙi, takardu a cikin bokitin fenti mai murfi kada su jiƙe. Ba ƙauyen da ba ki taka ba. Inda kika shiga gidan da kika taɓa yanke cibiya, ba kya ma doguwar magana: "Miƙo yatsa, ɗan nema." A wani gari aka saka miki karnuka, kika dawo da zane a yage kina dariya, wai karen ma ba shi da kati. Har aka cika, aka kai, aka sa ranar tantancewa: Asabar mai zuwa, a makarantar firamare ta ƙetare. Kowa zai je da kansa da katinsa, a kira suna ya amsa, ya ɗora yatsa a na'ura. Wanda bai je ba, kamar bai sa hannu ba ne.

Ke kaɗai kika tuna da abin da ya same mu a zaɓen da ya wuce. Na'ura ta yi ta ƙin yatsun mata. Zafin gumi da ɓawon kifi da fasa kaɗanya sun cinye mana zanen yatsa, ya zama sumul kamar bayan cokali. Sai kika tara mu kika ce daga yau har ranar, babban yatsan dama ya shiga takaba. A shafa masa man kaɗe safe da yamma, a ɗaure da tsumma, aiki sai da sauran. Kika riƙa bi gida-gida kina dubawa. Maza suka samu abin tsokana, in mun zo wucewa su ce, "Sannunku 'yan kaciya! Yaushe za a sha romo?" Kika tsaya kika ce, "Ku da naku ya warke shekara da shekaru, me kuka tsinana wa garin da shi?" Allah ya yafe miki bakin nan naki, Nna. Ranar har liman sai da ya juya baya yana tari.

Ranar Talata kina cikin kwashe gumi kika ce kanki na sarawa, sai kika zauna a ƙasa, baki ya karkace. Saba da Tsado suka sa ki a jirgi za su kai ki asibiti, na shiga na tallafe ki. Kogi ya cika maƙil, suna tuƙi ruwa na mayar da su. Muka wuce allon Onarabul. Can kika lalubo hannuna, kika shafa yatsana, kika ji ba tsumma, don na kwance na yi wankin Jiya. Da kyar na ji abin da kika ce. "Kin yi wanki." Sai kalmar shahada. Ko rabin hanya ba mu kai ba.

Ina cikin waɗanda suka yi miki wanka. Da muka kwance tsumman yatsanki, Nna, zanen ya fito ras, layi-layi, kamar na jariri sabuwar haihuwa. Shekara sittin na aiki, sati uku kacal ya dawo. Muka tsaya muna kallo. Ba na'urar da za ta gan shi.

Ranar sadakar uku Ndagi ya zo gaisuwa, wannan mai riƙe wa Onarabul jaka. Ya yi addu'a mai tsawo. Da zai tafi sai ya biyo ta ƙofarmu, da rana tsaka, ina shanya kifi. Ya ciro takarda daga aljihu, ashe hoton shafin farko na takardar kiranye ne.

"Na ɗaya, Teni. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Ya ɗago kai. "Na biyu, Wodu. Ke ce ko, amarya?"

Na ce ni ce.

"Wannan ne yaron? Jiya ko? Kai, tubarkalla. Allah ya raya shi a gaban uwarsa." Ya ninke takardar. "Ba wanda ya ce ki yi wani abu fa. Zama kawai za ki yi a ɗakinki ranar Asabar. Ruwan bana ba shi da kirki, kin dai gani da idonki."

Ban san wanda ya gaya masa sunan ɗana ba.

Tun ranar gari ya ɗauka. Wai an kai takardar wurin boka, daga sama ake bi, ɗaya bayan ɗaya. In na je ɗiban ruwa mata su yi shiru, su matsa mini, suna kallona kamar wadda aka riga aka yi wa wanka. Uwata ta aiko daga garinmu wai in kwance tsumma in rufa wa kaina asiri. Ni na san ba boka ba ne. A cinyata kika cika, na ga abin da ya kashe ki, shi ya kashe 'yata. Amma sani daban, ciki daban, Nna. In Jiya ya yi tari sai in saki aikin hannuna in ruga in ɗauke shi. In kaina ya ɗan sara sai in taɓa bakina in ji ko ya karkace.

Shekaranjiya Gogo, wadda sunanta ke bin nawa, ta same ni a bakin ruwa. Ta ɓoye hannu a zane ta ce, "Wodu, ni ba jaruma ba ce. In ta biyu ta shiga jirgi, ta uku za ta shiga. In kin zauna, duk mun zauna." Na duba, ashe tsummanta na nan a ɗaure. Na matan da ke bayanta ma haka.

Tsado bai ce je ki ba, bai ce kar ki je ba. Amma tun jiya ya kifa kwalekwalensa yana toshe ɓaraka, alhali ba kamun kifi zai fita ba.

Saba, Allah ya ba ka haƙuri, kai da ƙannenka da duk zuriyar gidan, da ƙanwarta da ke ƙetare. Ka yi wa uwarka tuƙi har ranar ƙarshe, Allah ya ba ka masu yi maka. Mu da ta karɓa da waɗanda ta karɓar mana, duk marayu ne yau.

Ya Allah ka jiƙan Nna Teni. Ka yafe mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya shi. Yadda ta tsallakar da mu ruwa, ka tsallakar da ita Siraɗi. Ka haɗa ta da 'yata, ta san ta, ita ta naɗe ta.

Nna, na mayar da tsumman, na shafa man, Tsado ke wankin Jiya yanzu, maza na yi masa dariya. Ranar Asabar zan bar yaron wurin surukata. Za su kira sunanki, ba mai amsawa. Daga nan sai nawa. Malama, rubuta a gaban kowa don kada in samu hanyar fasawa: ko muryata ba ta fito ba, zan ɗaga yatsa.

Allah ya sa Aljanna ce makomarki. Amin.