Kwaɗin da Suka Tsare Tafkin Yayana

Yayana malamin kimiyya ne. Tun muna makarantar mishan ba shi da aminai kamar kwaɗin tafkin bayan ajinmu, kuma a nan ya koyar har ya yi furfura. Da aka ce za a cike tafkin a gina shaguna, ya yi ta auna ruwa yana bayani, mutane suna hamma.

Matarsa, malamar adabi, ta ce, "Maigida, wa ya taɓa kuka saboda ma'auni? Kira taro, kowa ya zo da tatsuniyar kwaɗo, kai kuma ka faɗi amfaninsa."

Masinjan da suka aika ya ga saƙon ya yi tsawo, ya gutsure shi: "Kowa ya zo da kwaɗo!"

Wa zai sa mai tsalle a aljihu? Da safe sai ga jama'a da kwaɗon kulle ƙofa. Yaya ya dafe kai, matarsa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"To, Malam, sai mu koma da su?" in ji wata tsohuwa. Ta maƙala nata a ƙofar shingen tafkin, sauran suka bi.

Motar da ta ɗauko ƙasar cike tafkin ta iso ta tarar da ƙofa a garƙame, tsofaffi suna kwaikwayon kukan kwaɗi, Yaya yana tsalle yana faɗin irin kowanne. Direban ya saurara, ya ce wa wani tsoho, "Haba Baba, ai ba haka yake kuka ba!" Ya sauko ya gwada musu. Ƙasar dai ba a juye ta ba, har yau.