Tsagar da ta karkace a kuncin Kaka

Shekara biyu ina ɗaukar hoto a unguwar Aboabo ta Kumasi da lens ɗin da ya zo tare da kyamarata, wato gilashin nan na gaba da ake ɗaurawa a cire. A tsakar gida, cikin rana, ba shi da laifi. Amma da zarar na shiga ɗaki sai ya makance. Abin da ya fi ci mini rai kuwa ƙanƙantarsa ce, domin a Zango da tsawon lens ake auna mai hoto. In ka shiga gidan suna da dogo, kujera ake kawo maka. Ni kuwa sai a ce in matsa, ina tare hanya. Don haka na daɗe ina tari, burina in sayi dogo.

Ana cikin haka wani Alhaji maƙwabcinmu, mai kai goro arewa, ya dawo da labari. A wani ƙauye can gaba da Sakkwato ya tarar da yayar Kakata da ranta. Rabonsu da juna tun Kaka tana amarya. Sai dai tsohuwar ta ƙi yarda cewa Kaka tana raye, ta ce an daɗe da kawo musu rasuwar ƙanwarta daga Kumasi, har sadaka sun yi. Ashe wata mai sunan Kaka ce ta rasu a gidan hayarmu, mai kai saƙo ya haɗa.

Ƙanwata ta ɗauki Kaka da waya ta aika. Wayar nan irin mai gyara fuska ce, ta goge tsagar gado da ke kuncin Kaka tas. Amsa ta dawo a taƙaice: wannan tsohuwar ba tasu ba ce, nasu suna da tsaga. Kaka ta ji, ta juya fuska bango. Ranar ko kokon safe ba ta sha ba.

Na ce aikina ne. Amma Kaka ta karye a ƙugu, ba ta fita, ɗakinta kuma taga ɗaya gare shi, ƙarama. Na ce a ɗauko ta waje.

"Ba za a ciccibe ni kamar buhun gawayi a gaban 'yan haya ba," in ji ta.

Na kunna filasha, ta runtse ido, hasken ya wanke fuskar. Na kashe, hoton ya fito dishi-dishi, tsaga da tamoji sun cakuɗe. Alhaji kuma saura kwana biyar ya koma.

Na hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar Adum, wurin wani Ba'ashante mai sayar da kayan hoto na hannu, wanda ya iya Hausar Zango. Dogon lens ɗin da na daɗe ina zuwa gani yana nan a kanta. Na ɗaura shi, na ji nauyinsa a hannu, har na fara hango kaina a gidan biki. Sai na ba shi labarin Kaka. Ya karɓe dogon daga hannuna, ya miƙo mini wani ɗan guntu wanda bai kai gwangwanin madara ba.

"Me nua, ɗan'uwana, wannan dogo na filin bol ne. Kakanka yana ɗaki. Dogo yana so rana, ƙarami yana buɗe ido. Kai ka zaɓa."

Gaskiya na ji haushinsa. Abin da na tara ba zai sayi biyun ba, kuma ɗan guntun nan ya fi wanda nake da shi ƙanƙanta, ko jawo abu kusa ba ya yi, sai dai ka taka da ƙafarka. Na tsaya a shagon har aka kira azahar, ina ɗauka ina ajiyewa. Daga ƙarshe na fito da ƙaramin a aljihun riga, ina jin kamar an cuce ni.

Washegari da hantsi na shiga ɗakin. Da na ja da baya don fuskar ta shiga, sai na tare hasken ƙofa da jikina. Dole na hau kan akwatinta na ƙarfe, na maƙale a lungu. Kaka ta dube ni a can sama, ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka da kunya." Tana faɗa tana juyowa wajen taga, na danna. Da na duba, ga tsagar nan ɗaya bayan ɗaya, har da wata a kuncin hagu da ta karkace ta nufi kunne. Duk zamana da ita ban taɓa lura da wannan ba, kuma na ji kunya.

Na wanke hoton babba, Alhaji ya sa a jakarsa. A sunan da na je a makon, mata suka yi ta tambaya ko kyamarata ciwo ta yi ta rame. Ba a kawo mini kujera ba.

Bayan mako uku saƙon murya ya shigo wayata. Na zauna bakin gadon Kaka na kunna. Murya ce ta tsohuwa, tana rawa. Ta ce ta bi tsagar da yatsa, ta ƙirga, ta kai kan karkatacciyar.

"Ita ce. Ina tsaye wanzami ya yi ta. Motsi ta yi, aska ta goce. Tun tana jaririya ba ta zama wuri ɗaya."

Kaka ta ɗora hannu a kuncinta na hagu, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta. Ni ma na kasa riƙe nawa. Can ta share fuska da bakin mayafi, ta nuna wayar.

"Danna, ka gaya mata ƙarya take yi. Inna ta ce ita ce ta mintsine ni a ƙafa."