Agogon da Aka Sa wa Motar Taubashina

Ni da taubashina ba a taɓa ba ɗayanmu abu an hana ɗaya ba. Uwarsa ƙanwar ubana ce, a gida ɗaya muka tashi a Ikara, kuma ko rake kakarmu za ta ba mu sai ta jera su ta gwada tsawo, don ta san halina. Ni ne mai ƙorafi, shi kuwa baki gare shi. Tun muna yara yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa bawana, kuma ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba. Kafin in rufe baki ya rama da wadda ta fi tawa zafi. Haka wasan taubasai yake. In ka tsokani taubashinka ya yi maka shiru, to ya fara ganin ya wuce ajinka ke nan.

Tare muka koyi tuƙi, tare muka sami lasin, a shekarun farko bayan Turawa sun sauke tutarsu. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa da auduga ya ɗauke mu aiki. Manyan motoci biyu gare shi masu bodin katako, masu shan gas, ya ba kowa ɗaya. Shi ma sai ya bi tsarin kakarmu. In an sauya wa wannan taya a sauya wa waccan, in an sayi tamfol a sayi biyu, rigar sallah ma yadi ɗaya ake yanko mana. Mu ɗauko gyaɗa a Janfalan da Malikanchi, mu ɗauko rake da mazarƙwaila a Makarfi.

A zamanin nan da kunne ake tuƙi. In ka ɗauko lodi ka kama hawa, injin ne zai gaya maka ya gaji. Muryarsa ta yi kauri, ta fara nishi, kai kuma ka sassauta ƙafa ka rage giya. Wanda ya ci gaba da danna totur bayan nishin nan, dafa injin yake yi da ransa.

Wata bazara zazzaɓi mai zafi ya kwantar da taubashina, har wuyansa ya sanƙare. Ni na yi jinyarsa, ni na riƙa juya shi a kan tabarma. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya koma aiki. Bai daɗe da komawa ba ya ƙone injin motarsa a wani hawa, da lodin gyaɗa a bayansa. Na ji tausayinsa, amma fa ban bar damar ta wuce ba. A tsakiyar tasha na ce masa ashe tuya ya koma, ya gaya mana ranar da zai fara sayar da ƙosai. Kowa ya yi dariya. Shi murmushi kawai ya yi, na ɗauka kunya ce.

Na zaci Alhaji zai yi faɗa. Ina! Sai ya gyara injin, ya tafi Kano, ya dawo da wani ɗan kwali. A cikinsa akwai agogo mai allura ɗaya, da doguwar waya, da wani ɗan ƙarfe siriri mai kama da ƙusa. Wai agogon auna zafin hayaƙin salansa ne, shi zai nuna in inji ya fara dahuwa. Na leƙa kwalin ina neman na biyu. Babu. Ni da ban taɓa ƙona ko fitila ba an bar ni da hannu biyu, mai ɓarna shi aka yi wa tsaraba.

A Kudan aka sa shi, a garejin wani tsohon soja mutumin kudancin Zariya, wanda ya koyi kanikanci a bariki. Saje kowa yake ce masa. Ba wanda ya gayyace ni, amma na ce ina da lodin rake a can, na bi su. Na zauna a kan tsohuwar taya a inuwar mangwaro ina kallo.

Saje ba ya gaggawa. Ya jira injin ya huce sarai, sannan ya shafa ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga jikin inji kafin ya gangara salansa, ya zaɓi wuri ya buga masa alama. Ya ɗauko abin hudarsa na hannu, ya dangwala bakinsa a giris, ya fara murzawa. In ya ɗan murza sai ya zare, ya goge, ya sake dangwalawa. Na ce masa, "Saje, miya kake kaɗawa ne?" Ya ce giris ɗin ne yake kama garin ƙarfe, don kada ya zube ciki. Da hujin ya fita ya yi masa zare, ya ɗaura noti, ya zura ɗan ƙarfen nan har bakinsa ya tsaya a tsakiyar hanyar hayaƙi, ya ɗaure. Wayar kuma ya bi da ita nesa da wuri mai zafi, ya shigar da ita gaban mota, ya kafa agogon daidai saitin idon direba.

Aikin ya yi kyau, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Sai kuma yadda Saje yake yi da taubashina. In zai yi masa bayani sai ya zagayo gabansa, ya dafa kafaɗarsa, ya dube shi ido cikin ido, yana magana a hankali yana nuni da hannu. Ni kuwa ta ƙeya yake ba ni amsa. Na ce a raina, yau ga ɗan sarki an zo gyara masa doki.

Da aka gama, aka loda wa motar rake don a gwada ta da nauyi. Saje ya ɗauko ɗan gwangwanin jan fenti ya shiga gaba. Na kama ƙofa zan hau, taubashina ya ce, "Bari mu dawo, ba wuri." Ba wuri! A gaban motar da muke shiga mu uku har da kaji. Na tsaya a bakin gareji ina kallon bayan motarsa. Da suka dawo akwai ɗan jan layi a kan gilashin agogon. Saje ne ya zauna ya saurari injin a hawa, inda ya ji ya fara nishi ya ɗiga fenti a wurin da allura take.

Daga ranar tasha ta zama tasa. Ranar kasuwar Makarfi mutane har layi suke yi su leƙa agogon da ba ya nuna lokaci. 'Yan kamasho suka fara cewa a ba mai agogo lodi, motarsa ba ta ƙonewa. Mai shayi ma shi yake fara zuba wa. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya daina rama magana. In wuce ta bayansa in ce, "Bawa, an gaida mai agogo," ko waiwayowa ba ya yi. In muna zaune a benci in jefa masa wadda da can sai mun kwashi rabin yini muna musayarta, sai ya dube ni ya yi ɗan murmushi ya kau da kai. Na ce shi ke nan, ɗan gilashi mai allura ya raba ni da ɗan'uwana. Kishi na yi, mai zafi kuwa.

Na kasa daurewa na sami Alhaji a zaurensa. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da kasuwa da gajiya, na ce, "Alhaji, ko na yi wani laifi ne?" Ya ce wane iri? Na ce na ga an sa wa mota ɗaya agogo an bar ɗaya. Ya daɗe yana jan carbinsa, sannan ya ce, "Kai ba ka buƙatarsa. Ka gode wa Allah." Na yi godiya a baki na fito. A hanya na fassara maganar yadda ta yi mini daɗin jin haushi: motata ba ta kai a kashe mata kuɗi ba, ni ma ban kai ba.

Ana nan, wata ranar kasuwa da damina sifirin motata ya karye a Makarfi. Sai an je Kudan wurin Saje a samo wani, kuma motar da za ta bi ta can ita ce ta taubashina, cike da mazarƙwaila. Ba yadda na iya, na hau. A lokacin sitiyari a dama yake, don haka ina zaune ta hagunsa. Na ƙudura ba zan ce masa uffan ba, agogon ma ba zan kalla ba.

Muka tsallake wani rafi muka kama hawa, hanya ta jiƙe, laka tana riƙe taya. Injin ya fara kauri. Na ji shi tun daga tafin ƙafata. Ya fara nishi, nishin da ko mai tallan gyaɗa a bakin hanya zai gane. Hannuna har motsi yake yi yana neman giya. Na saci kallon taubashina. Fuskarsa a sake, ƙafarsa a kan totur, idonsa yana zuwa hanya yana dawowa kan agogo. Na ce, "Rage giya mana!" Bai motsa ba. Na ɗaga murya na ce, "Kai bawa, za ka sake toya ta ne?" Ko gezau. Sai da allura ta taɓa jan layin nan, sannan ya taka kuloci ya rage giya, cikin natsuwa, injin ya sami numfashi.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na tuna murmushin tasha, na tuna Saje yana zagayowa gabansa, na tuna wuyan da na riƙa tallafewa a kan tabarma.

Da muka kai kan tudu na dafa hannunsa na yi masa alama ya tsaya ya kashe injin. Na sauka, na zagaya ta ƙofarsa, na ɗare matakala, na sa bakina kusa da kunnensa na dama.

"Tun yaushe?"

Ya dube ni, ya gane na gane. Ya ce, "Tun jinya. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama saura kaɗan, in inji yana aiki shi ma ba ya tsinana komai."

"Wa ya sani?"

"Alhaji. Da Saje."

Na zaci kishin zai sauka a nan. Wallahi sai ma ya ƙaru, ya dai sauya wuri. Na ce, "Saje! Mutumin da ka sani jiya? Kunnensa ka je ka ara ya shafa maka fenti, ni nawa biyu suna nan a banza? Ni da na yi jinyarka?"

Ya murza sitiyari da babban yatsa. Can ya ce, "Alhaji tun da ya sani bai sake yi mini faɗa ba. Saje kuma lallaɓa ni yake yi. Kai kaɗai ka rage mai zagina. Ba na jin abin da kake cewa, amma ina ganin bakinka, na san ba addu'a kake yi mini ba. Da ka sani, da kai ma ka daina."

Ruwa ya fara yayyafi a bayana, ina maƙale a jikin ƙofa. Na ja numfashi, na buɗe murya iyakar ƙarfina a cikin kunnen nan da ya rage, na ce, "Kurman bawa ma ai bawa ne, sai dai a rage masa kuɗi!"

Ya fashe da dariya har da buga sitiyari. Ya ce, "To wa zai saye ka kai, mai kunne biyu da bai ji komai ba sai yau?"

Na koma mazaunina ta hagu, inda ba ya jina, muka kama hanyar Kudan. Akwai sauran hawa a gaba. Tun kafin allura ta kai jan layi na ji injin ya fara nishi, na kai hannu zan taɓa gwiwarsa. Bai lura da hannun ba, agogon yake kallo.