Cakulan ɗin da Na Ba Karen Maƙwabcinmu

Edita, ni dattijuwa ce daga kudancin Kaduna. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da zuwa Amurka ba. 'Yata ce ta haihu, ta kawo ni in taya ta reno a gidansu da ke McLeansville. Da safe ita da mijinta su hau mota su tafi aiki Greensboro, a bar ni daga ni sai jinjira. Turancina kuwa bai wuce gaisuwa ba.

Maƙwabcinmu wani tsohon Bature ne da matarsa ta rasu ta bar masa ɗan ƙaramin kare mai farin gashi. Duk lokacin da na fito shan iska, karen nan sai ya taho bakin shinge yana kaɗa wutsiya, ni kuma in yi ta masa hira da Hausa. A gida mun yi kiwon karnuka, abin da ya rage a tukunya shi suke ci, har ƙanzo, don haka ban taɓa zaton akwai abincin mutum da zai cutar da kare ba.

Bayan bikin Ista wata 'yar'uwa a coci ta ba ni cakulan manya guda biyu, irin baƙin nan mai ɗan ɗaci. Ina da ciwon suga, zubarwa kuma na ga asara ce. Da hantsi na ɓare na miƙa wa karen ta shinge, ya cinye tas har yana lasar hannuna.

Da la'asar na hango shi yana amai, yana haki, jikinsa sai rawa yake. Tsohon ya zo bakin shinge yana yi mini magana, yana nuna bakinsa yana nuna karen. Na ɗauka gaya mini yake karen ba shi da lafiya, sai na yi ta ce masa sannu. Ashe tambayata yake ko na ga abin da ya ci. Ya tsaya jira ko abin zai lafa, sai da karen ya faɗi yana shure-shure sannan ya kwashe shi zuwa asibitin dabbobi. Washegari ya dawo shi kaɗai.

'Yata ta je yi masa jaje, ta dawo tana cewa likita ya ce cakulan ne, da an sani da wuri da an sa shi ya amayar tun bai bi jikinsa ba. Da na gaya mata ni ce na ba karen cakulan, ta ce Mama mu yi shiru, ba da gangan ba ne. Na ce ba zan iya kallon mutumin nan kullum da wannan a cikina ba. Muka je tare, na gaya masa gaskiya tana yi mini tafinta. Sai ya ce, "Na sha ganinta tana yi masa hira, na san tana sonsa. Amma yau ba ni da abin da zan ce mata." Kafin sanyi ya shigo ya sayar da gidan ya koma wajen ɗansa.

Na koyi cewa kyakkyawar niyya ba ta maganin rashin sani. 'Yan'uwa, cakulan guba ne ga kare, baƙin ya fi haɗari, ƙaramin kare kuma ya fi saurin galabaita. In ya ci, a kira likitan dabbobi nan take, kada a jira alama. Kuma kada ku ba dabbar wani komai sai kun tambaya, domin kare ba ya ƙin abin da hannun da ya yarda da shi ya miƙa masa.