Koriyar Fitila Don Idon Kawu

Da sunan Allah nake fara ba da labarin nan, ko da yake ba wani babban abu ba ne, labarin moto ne, wato babur, da ƴan fitilu.

A lokacin ina aikin lambu a ƙauyen Outoul. Kullum da yamma in ɗauro kayan miya a bayan motona in kawo Tamanrasset, in sauke wa masu saye, sannan in biya ƙofar kasuwa in ɗauki kawuna mu tafi gida. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya koya mini rubutun ajami a Damagaram tun ina ƙarami, shi kuma ya fara karɓata da na zo Aljeriya. Rumfa gare shi ta turare da lalle da kwalli. Ya tsufa a rumfar nan, har buzaye daga Silet da Tahifet sun san ta.

Sai dundumi ya kama shi. Da rana yana gani sarai, har allura yana zura wa zare, amma da rana ta faɗi sai duniya ta rufe masa. Ni kuwa ba na isowa sai an idar da magariba. Da zai yarda in shiga in riƙo hannunsa da an huta, amma ya ce muddin yana numfashi ba wanda zai ja shi a gaban ƴan kasuwa. Daga rumfa zuwa ƙofa ƙafarsa ta san hanya. Matsalar a ƙofar take, inda motoci ke jere, duk iri ɗaya, kowa na danna oda, ba ka jin kiran wani.

Wata ranar Talata na makara. Kawu ya fito, ya ga hasken wani moto a inda nake tsayawa, ya haye baya ya ce mu je. Mai moton wani Balarabe ne, ya zaci tsohon da maƙwabcinsa ya ce ya rage wa hanya ne. Sai da suka kai wata unguwa can gefen gari kowa ya gane ba nasa ba ne. Mutumin kirki ne, ya dawo da shi, amma kafin nan ni na zagaye kasuwa sau uku hankalina a tashe.

Aka yi rashin sa'a babban ɗan Kawu yana gari. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, tsakanin Tamanrasset da Agadez, kuma taubashina ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ranar dai bai yi wasa ba.

Ya ce, "Baba, ran Asabar zan tashi. Da kai za mu tafi. Ka koma gida ka zauna cikin jikokinka."

Kawu ya ce, "In zauna in yi me? In ƙirga kaji?"

"Gara kaji da a wayi gari a ce ka ɓace a garin mutane."

Da muka keɓe na tambayi Kawu abin da yake iya gani bayan magariba. Ya ce fararen fitilu duk narkewa suke yi su zama abu guda kamar nono a ƙwarya. Abu ɗaya yake rarrabewa, koriyar fitilar da ke kan hasumiyar masallaci. Ita yana ganinta tun daga nesa.

A shekarun nan ne wasu ƙananan fitilu suka shigo kasuwa, jere a jikin siririyar igiya kamar tasbaha, masu launi iri-iri. Samari ne ke liƙa su a motocinsu don ado. Na sha yi musu wa'azi a kan haka, in ce almubazzaranci ne. Ran Laraba na je na sayi koriya, kamu biyu. Mai shagon ya dube ni, ya dubi gemuna, ya miƙo mini.

Na kai wa makanikenmu, wani mutumin Maradi. Motoci shida ne a gabansa a kwance, ya ce sai mako mai zuwa. Na ce ba ni da mako.

Ya ce, "Malam, ko amarya za a ƙaro ne ake wannan sauri?"

Na ce, "Faɗa mini yadda ake yi kawai."

Yana ƙarƙashin wani moto ya riƙa faɗa, ni kuma ina rubutawa da ajami a bayan takardar siminti: jar waya ga jan kan batiri, baƙa ga ƙarfen moto, kada su taɓa juna, a nisanta su da salansa don zafi. Ya ƙara wata magana daidai lokacin da aka tayar da inji a kusa, ban ji ba, na kuma ji nauyin in sake tambaya.

Ran Alhamis ban je lambu ba. Bayan hantsi na shigo da moto tsakar gida, na yi bisimilla, na kwance sirdi. Ban taɓa ganin cikin abin ba sai ranar. Wayoyi a cukurkuɗe, ƙura ta mai da su launi ɗaya, sai da na bi su da tsumma kafin in san ja daga baƙi. Igiyar fitilun tana da danƙo a bayanta. Na goge tanki, na manna, na danne da tafin hannu. Kafin in juya ta saki, ta zubo ƙasa. Na sake mannawa, ta sake saki. Ƙarfe ya ɗau zafin rana, danƙon ya zama kamar kunu.

Na zauna na yi ta kallonta. Ni dai abin da hannuna ya iya shi ne ɗinkin gafaka, jakar fatar da muke sa littattafai. Na shiga ɗaki na ɗauko basilla da ragowar jar fata, na yanka ta siri-siri. Na bi igiyar ina ɗaure ta a jikin ƙarfe, tsakanin kowace fitila uku ɗauri ɗaya, daga ƙarƙashin tanki har bayan sirdi, haka ma ɗaya gefen. Inda ba wurin zagayawa na huda robar gefe da basilla na ɗinke. Ya ci ni har azahar. Da na zo haɗa waya, sifanar da nake kwance kan batiri da ita ta taɓa ƙarfe, wuta ta yi tartsatsi, na yi baya na zauna daɓas a cikin kwanon wanki. Maiɗakina tana daka, ta ajiye taɓarya.

"Malam, ka bar wa masu abin abinsu mana, kada ka ƙona mana gida."

Na ce, "Masu abin sun ce sai mako."

Na tashi da jiƙaƙƙen wando na ƙarasa. Na naɗe mahaɗar da baƙar roba, na ɗaure ja, na ɗaure baƙa. Na duba, ban ga komai ba. Ranar Tamanrasset ba ta barin wani haske ya nuna kansa kusa da ita. Na ɗauko bargo na lulluɓe moto, na cusa kaina ciki. Ga su nan, kore shar, kamar an shuka alkama a jikin ƙarfe. Na yi hamdala daga cikin bargo, maiɗakina na ta dariya a waje.

Na sami taubashina na ce ya ba ni magaribar Juma'a. Ya tsaya a ƙofar kasuwa ya gani da idonsa. Idan Kawu ya iso wurina ba wanda ya kira shi, a bar shi. Idan ya kasa, ni da kaina zan ɗaure masa kaya.

Ya ce, "Na yarda. Amma ko tari ka yi, ka faɗi."

Abin da makanike ya faɗa ban ji ba, ashe makunni ne. Na haɗa fitilun kai tsaye da batiri, ba abin kashewa. Moto yana rumfar bayan gida a lulluɓe, don ranar taubashina ne ya ɗauko Kawu, suna ci tun azahar ɗin Alhamis, suka kwana suna ci, suka yini. Da la'asar sakaliya ran Juma'a na yaye bargo, na danna oda, shiru. Na leƙa fitilun, sun mutu.

Na tashe shi da ƙafa, a bugu na bakwai ya kama. Na lura idan na murɗa hannu na ba shi wuta, koren yana dawowa, idan na saki ya dushe. Shagon makanike a rufe, ranar Juma'a ce. Ba ni da wata dabara, sai na kama hanya.

Na yi magariba a masallacin bakin kasuwa ina roƙon Allah ya rufa asiri. Da na fito na sake fama da shi har ya tashi, na shiga jeren motoci. Da gangan taubashina ya hana ni wurina na kullum, ya tura ni can ƙarshe kusa da mai shayi, ya harɗe hannu.

Kawu ya fito da sandarsa, ya tsaya a ƙofa. Na murɗa hannu. Inji ya yi ruri, kore ya tashi. Na riƙe shi a haka. Mutane suka fara waiwaye. Wasu samari ƴan gini da na sha yi wa faɗa a kan ƙarar moto suna zaune wurin mai shayi, ɗaya ya ce, "La ilaha, ku zo ku ga Malam ya shiga layi!" Hayaƙi ya turnuƙe mai shayi, ya hau zagina da Larabci. Kunya ta rufe ni har wuya, amma ban saki hannun ba.

Kawu ya juya kai dama, ya daɗe. Wani moto ya haska shi da farar fitila, ya yi taku biyu wajensa. Sai ya tsaya. Ya juyo hagu a hankali, ya ɗaga sanda ya nuna ni. Ya taho yana ratsa motoci, ya wuce na farko, ya wuce na biyu, har ya iso ya dafa sirdi. Ya shafa fatar da na ɗaure fitilun da ita.

Ya ce, "Wannan ɗaurin naka ne. Har yanzu kana matse ƙulli fiye da kima." Ya hau. "Rage ƙarar nan, ba kurma ba ne ni."

Taubashina ya matso, ya zagaya moton sau ɗaya yana girgiza kai.

Ya ce, "Baba, kana ganinsa da gaske, ko ƙarar ka bi?"

Kawu ya ce, "Duk ƙofar nan ƙara ce. Kore ɗaya ne."

Taubashina ya dube ni ya ce, "To, angon kasuwa, na bar maka shi amana. Amma ka sa wa abin nan makunni kafin ka kashe mutane da hayaƙi."

Da safiyar Asabar ni na raka taubashina tasha. Kawu bai zo ba, ya aiko a ce masa Allah ya kiyaye hanya, shi yana da buzaye biyu da suka yi alkawarin zuwa sayen turare, ya tafi buɗe rumfa.