Injin da Aka Tsamo

Wata mata na tsaye a rumfar makanike a bakin kogi, inda nake jiran jirgin fito. Doguwa ce siririya, zaninta jiƙe har gwiwa, ta dafa wani tsohon injin jirgi da ta turo a baro. Laka ta bushe a jikinsa. Da gani ka san daga ƙarƙashin ruwa aka tsamo shi.

"Ba gyara na kawo ba, Baba," in ji ta. "So nake ka gaya min abin da ya hana shi tashi."

Makaniken ya duba fulogi, ya ajiye. Ya kwance faifan ƙarfen da igiya ke juyawa, ya zaro wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙwayar wake ba, ya rabe biyu.

"Shi ke riƙe faifan, 'yata. In ya karye, wuta ba ta zuwa kan lokaci. Ko sau ɗari aka ja, ba zai tashi ba."

"Ya ja fiye da haka," ta ce. "Na ga tafin hannun maigidana ranar da aka fito da gawarsa."

Ta ƙulle gutsattsarin a bakin zani, ta juya za ta tafi. Ina jin ta daɗe tana neman wanda za ta ɗora wa laifi, ga shi an damƙa mata shi a hannu.

Jirgin fito ya iso, muka shiga. Direbanmu ya ja igiyar injinsa, shiru. Ya sake ja, shiru. Matar ta tsaya cak, ba ta waiwayo ba, leɓɓanta na motsi. Ƙirgawa take.